Rediyon oba-oba na hannu: tambayoyi da amsoshi kan gane shi da saita shi a Damagaram

Masu gadin gidaje da shaguna, ƴan agajin masallatai, masu lambu, ƴan kamasho a tashar mota da masu kula da gini, duk sun fara riƙe rediyon oba-oba a garin nan, kuma mafi yawansu na hannu suke saye. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi kawo wa masu gyara. Shawarata tun daga farko guda ce: kada ka biya kuɗin rediyon da ba ka san sunansa na ainihi ba, ba ka kuma san wanda zai iya saita maka shi ba.

Malam, na ga oba-oba a Kasuwar Dole, mai shi ya ce yana aiki. Me zan fara dubawa?

Cire batir. Ba a cinikin biri a sama, kuma asalin rediyo yana nan ƙarƙashin batir, a wata takarda da aka manna a jikin ƙarfen baya. A nan za ka ga sunan kamfani, lambar samfuri, lambar siriyal, sau da yawa har da iyakar mitar da yake aiki a kai, misali 136-174 MHz ko 400-470 MHz. Ɗauki hoton takardar da wayarka tun kafin a fara ciniki. Sunan da aka rubuta a gaban rediyo ba hujja ba ne, domin ana sauya murfi, ana kuma buga suna a kan roba cikin sauƙi.

Bayan haka ka dubi ƙarafan da batir ke taɓawa. Idan sun yi kore ko fari-fari, ruwa ya taɓa shiga. Ka kwance eriya ka leƙa mazauninta, ka tabbata allurar tsakiya ba ta karye ko ta lanƙwashe ba. Ka mayar da eriyar kafin ka kunna. Kada ka taɓa danna maɓallin magana alhali babu eriya a jiki, domin ƙarfin da ya rasa hanyar fita yana komawa ciki ya ƙona sashen watsawa, gyaran nan kuwa yakan fi kuɗin rediyon.

Sai gwaji. Kada ka yarda da gwajin cikin rumfa, inda rediyo biyu suke taku uku da juna. Wanda sashen watsawarsa ya mutu ma yakan iya kai murya wannan tazarar. Ka tura yaro da ɗaya ya zagaya bayan kasuwa, ku yi magana ta ɓangarori biyu.

Na karanta lambar, amma haruffa ne birjik. Me suke nufi?

A Motorola lambar tana faɗin komai. Ɗauki GP340, wanda ya yi yawa a hannun masu gadi. Lambarsa tana farawa da MDH25, sai harafi ɗaya: K na nufin VHF ne, wato rukunin mitoci daga MHz 136 zuwa 174, R kuwa UHF ne, rukunin MHz 403 zuwa 470. Haruffa biyun farko suna nuna yankin da aka ƙera shi dominsa: MD na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, AA na Amurka ta Arewa, AZ na Asiya. Wannan ya shafe ka kai tsaye, saboda manhajar saita na wani yanki ba ta karanta na wani yanki. GP328 na Asiya da GP340 kamar tagwaye suke a ido, amma kowanne da manhajarsa.

A Kenwood, yawancin na hannu masu farawa da TK-2 na VHF ne, masu TK-3 na UHF ne. A Icom kuwa IC-F3003 na VHF ne, IC-F4003 na UHF. Ka lura da tarkon nan: 3 a Kenwood daban, 3 a Icom daban. Mutane sun sha haɗa su biyun suna zaton za su ji juna.

Idan ka ga an rubuta FCC ID a takardar, ka sa lambar a intanet. Rediyon da aka yi wa rajista a Amurka bayanansa a buɗe suke, har da hotunan cikinsa da littafin amfani.

Takardar ta goge, ko an ɓanɓare ta. In saya?

Gogewa daban, ɓanɓarewa daban. Zufa da zafi suna cinye rubutu, wannan ba laifin kowa ba ne, kuma mai gyara zai iya karanto lambar samfuri daga cikin rediyon da kwamfuta. Amma inda aka kankare lambar siriyal da gangan, ko ka ga alamar an goge tambarin wata hukuma ko ƙungiya, ajiye shi ka yi gaba. A halin tsaron da ƙasarmu ke ciki, a same ka da rediyon da ya fito daga hannun jami'ai, tashoshinsu suna nan a ciki, ba ƙaramar fitina ba ce, kuma "saye na yi" ba za ta fitar da kai da wuri ba. Ka nemi takardar ciniki mai ɗauke da lambar siriyal da sunan mai sayarwa, ko da rubutun hannu ce.

Yaya zan gane jabu?

Nauyi yana tona asiri. Motorola da Kenwood na asali suna da ƙashin ƙarfe a ciki, na jabu kuwa sakayau suke a hannu. Rubutun takardarsu yakan yi dishi-dishi, kuma idan mai kaya yana da guda biyar ka duba ko lambar siriyal ɗinsu iri ɗaya ce. Kamfanin Icom ya daina ƙera IC-V82 tun shekarar 2014, don haka wanda aka miƙo maka fil a kwali yau abin tuhuma ne. Illar jabu ba ta tsaya ga rashin ƙarko ba: manhajar kamfanin da aka ari sunansa ba ta gane shi, sai ka rasa abin da za ka saita shi da shi.

VHF ko UHF, wanne ya fi dacewa da garin nan?

Ya danganta da inda za ka yi aiki. A cikin Birni da Zango, inda lunguna suka matse, ga katangu ga rufin kwano ga manyan duwatsu, UHF ya fi ratsawa tsakanin gine-gine. A fili, gona ko makiyaya ta wajen Tanut, VHF ya fi tafiya nesa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da abokan aikinka suke riƙe da shi. Rediyon VHF ba zai taɓa jin na UHF ba, kome gwanintar mai saiti. Baofeng UV-5R yana da duka biyun, shi ya sa ya dace da wanda bai tabbatar ba tukuna.

Eriya ma tana bin wannan rabon. Rubu'in tsawon zango a MHz 150 kusan santimita 50 ne, a MHz 450 kuwa kusan 17. Gajerun eriyoyin roba murɗaɗɗiyar waya ce a ciki, ba a gane su da tsawo, sai ka duba rubutun gindinsu. Eriyar UHF a kan rediyon VHF za ta ɗauru daram, amma muryarka ba za ta wuce unguwa ba.

Na sayi biyu, duka na sa su a tasha ta 1, amma ba sa jin juna. Sun lalace ne?

Da wuya. Lamba 1 a kan maɓallin juyawa sunan ma'aji ne kawai. Abin da aka zuba a ciki shi ne magana, kuma wanda ya riga ka mallakar rediyon ya zuba nasa. Kafin rediyo biyu su ji juna sai abu uku sun daidaita.

Na farko mita, ta karɓa da ta watsawa. Rediyon da ya fito daga babban kamfani sau da yawa an saita shi ya bi ta na'urar rifita, mai karɓar magana ta sake watsa ta nesa, wato yana karɓa a wata mita yana watsawa a wata. Irin waɗannan guda biyu, ko a tasha ɗaya suke kuma suna hannu ɗaya, ba za su ji juna ba idan babu rifitar, domin kowanne yana magana ne inda ɗan'uwansa ba ya saurare. Wannan ita ce matsalar da ta fi rikita masu sayen na hannu, har su mayar da kaya mai kyau suna cewa an cuce su.

Na biyu sautin kulle, CTCSS ko DCS, wanda sai ya dace lasifika ke buɗewa. Na uku faɗin tasha, mai faɗi kilohaz 25 ko matsattse 12.5. Idan faɗin ya saɓa za ku ji juna, amma ɗaya muryarsa ƙasa-ƙasa, ɗayan kuma tana fashewa.

Ga gwaji mai sauƙi: a danna magana a ɗaya, ka kalli fitilar ɗayan. Idan fitilar ta kama amma babu murya, mita ta yi daidai, sautin kulle ne ya saɓa. Idan ba ta kama ba sam, mitar ce daban.

An ce idan na sa wannan sautin kulle ba wanda zai ji maganarmu. Haka ne?

Ba haka ba ne, kuma ina so a ji wannan da kyau, domin mutane suna faɗin inda kuɗi yake da lokacin da mai gida zai fita suna zaton a ɓoye suke. CTCSS wani siririn sauti ne tsakanin haz 67.0 da 254.1 da rediyonka ke haɗawa da muryarka. Rediyon abokinka ba ya buɗe lasifika sai ya ji wannan sautin. Kamar mutum biyu ne a tsakiyar kasuwa da suka toshe kunne ga kowa sai junansu: su ba sa jin jama'a, amma jama'a na jin su sarai. Duk wanda ya kashe sautin kulle a nasa rediyon zai ji komai. Motorola na kiran abin PL da DPL, Kenwood na kiransa QT da DQT, amma abu ɗaya ne, kuma suna aiki da juna muddin lambar ta dace. A DCS ka kula da harafin ƙarshe: D023N da D023I ba ɗaya ba ne.

Baofeng UV-5R gare ni, ba ni da kwamfuta. Zan iya saita shi da hannu?

Za ka iya. Danna VFO/MR har lambobin tasha na gefe su ɓace, ka shiga yanayin mita. Ka tabbata kibiya tana layin sama. Kowane saiti hanyarsa ɗaya ce: MENU, lambar saitin, MENU, ka zaɓa da kibiyoyi, MENU don tabbatarwa, sai EXIT.

Ka fara kashe lamba 7, TDR, don kada rediyon ya riƙa tsalle tsakanin layi biyu kana cikin aiki. Idan mitar da kake so ta ƙi shiga daidai, je lamba 1, STEP, ka mayar da shi 12.5 ko 6.25. Rubuta mitar da lambobi shida. Lamba 13 sautin watsawa ne, 11 na karɓa, 12 da 10 kuwa na DCS ne. Lamba 5 ita ce faɗin tasha, lamba 2 ƙarfin watsawa. Kafin ka adana, je lamba 28 ka goge tashar da kake son amfani da ita, domin rediyon nan ba ya rubuta sabo a kan tsoho yadda ya kamata, kuma a nan yawancin mutane suke tuntuɓe. Sannan lamba 27, ka zaɓi tashar, ka tabbatar. Tashoshi 128 yake ɗauka. Sanya wa tasha suna kuwa sai da kwamfuta.

Lamba 0, SQL, ita ce ke rufe shuuu ɗin da ake ji idan ba a magana. Bar ta a 2 ko 3. Idan ka kai ta 9 za ka daina jin na nesa. Lamba 40 tana share komai, kada ka taɓa ta sai ka kwafe abin da ke ciki.

To da kwamfuta fa?

Abu biyu kake bukata, igiyar saiti da manhaja. Baofeng da yawancin rediyoyin China suna amfani da igiya mai baki biyu irin ta Kenwood, ƙarami milimita 2.5 da babba 3.5. Manhajar CHIRP kyauta ce, tana kuma karanta ɗaruruwan samfura.

Yawan wahalar da ake sha daga igiya take. A cikin kan USB ɗinta akwai ɗan guntun lantarki, kuma masu araha da dama suna ɗauke da kwaikwayon na kamfanin Prolific, wanda sababbin Windows ke ƙin karɓa. Idan kana da zaɓi, nemi mai CH340 ko FTDI ko CP2102. Ka tura bakin igiyar har ya nutse, domin a wasu rediyoyin roba tana hana shi kaiwa ƙarshe, kuma rabin milimita ya isa ya hana aiki. Ka bar eriya a jiki, ka ƙara murya, batir kuma ya kasance cike.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce karatu kafin rubutu. A cikin jerin Radio na CHIRP, umarnin farko na ɗauko abin da ke cikin rediyo ne, na biyu na mayarwa ne. Ka ɗauko, ka adana fayil ɗin da sunan rediyon da kwanan wata, ka ajiye shi ba tare da ka taɓa shi ba, sannan ka yi gyare-gyarenka a kan kwafi. Kada ka zuba fayil ɗin wani rediyo cikin naka don kawai sunansu ɗaya. UV-5R iri-iri ne a ciki. Idan ka riƙe maɓalli 3 yayin kunnawa zai nuna maka lambar manhajar cikinsa. Hanya mafi aminci ita ce ka buɗe fayil biyun, ka kwafe layukan tashoshi daga wancan zuwa naka. Kuma kada a zare igiya ko a kashe rediyo ana tsakiyar rubutu. Idan kwamfutar tebur ce marar batir, ka yi la'akari da ɗaukewar wuta kafin ka fara.

Nawa Motorola ne. CHIRP zai yi?

Ba zai yi wa GP340 ko DP1400 ba. Waɗannan sai manhajar kamfanin, wadda ake kira CPS, kowane dangin samfuri da tasa, ga kuma igiya ta musamman. Tsofaffin manhajojin sun fi zama lafiya a tsohuwar kwamfuta. Kenwood ma haka, manhajojinsa suna farawa da KPG. Shi ya sa nake cewa ka nemi mai saiti kafin ka nemi rediyo: ka nuna masa hoton takardar, ka tambaye shi ko yana da igiyar da manhajar wannan samfurin takamaimai. Motorola ya fi Baofeng ƙarko da tsabtar murya nesa ba kusa ba, amma wanda ba za a iya saitawa ba bai amfane ka da komai ba.

Akwai kuma waɗanda tsohon mai su ya kulle bayanansu da kalmar sirri. Wasu ana iya rubuta sabon saiti a kansu, wasu sai an koma wurin dillalin kamfani. A gwada karantawa a gabanka kafin kuɗi su bar aljihunka.

Rediyon ba shi da fuska, kamar BF-888S. Ta yaya zan san mitar da ke ciki?

BF-888S na UHF ne kaɗai, 400 zuwa 470, tashoshi 16, kuma ba a saita shi sai da igiya. Idan babu igiya, akwai ƙaramar na'urar auna mita irin Surecom SF-401: ka kusanto da ita, ka danna magana, ta nuna mita da sautin kulle. Quansheng UV-K5 ma yana da wannan dabarar a jikinsa. Ka sani cewa yawancin BF-888S suna fitowa daga masana'anta da mitoci iri ɗaya, tasha ta 1 a 462.125, shi ya sa masu gadin wani shago suke jin hirar ƴan biki a wata unguwa.

Wace mita zan sa ke nan?

Wadda aka ba ka izini. Mita dukiyar ƙasa ce, kuma hukumar ARCEP da ke Yamai ita ke rabon ta a Nijar. Kamfani ko ƙungiyar da za ta yi aiki da oba-oba ita ya kamata ta tuntuɓa, ta samu mitarta a rubuce, takardar kuma ta kasance kusa da masu riƙe da rediyon. Ƙananan rediyoyin PMR446 masu rabin wat da ake amfani da su ba lasisi a Turai, da FRS na Amurka a 462 da 467, sassaucin dokar can ne, ba ya biyo kwali zuwa nan. Mita 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 na masu lasisin rediyon sha'awa ne, waɗanda alamar kiransu a Nijar ke farawa da 5U. Na jiragen sama suna tsakanin 118 da 137. Na jami'an tsaro kuwa, ko ka ci karo da su kana bincike, kada ka adana, balle ka danna magana. Izinin Nijar kuma a kan iyaka, a Ɗan Barto, yake ƙarewa. Ka tsallaka Kwangwalam, hukumomin Najeriya ne masu iko.

A kwali an rubuta kilomita 50. Daga nan zai kai Mirya?

Daga hannu zuwa hannu, kada ka sa rai. Waɗannan mitocin a miƙe suke tafiya, doron ƙasa kuma a lanƙwashe yake. Mutum biyu a tsaye a shimfiɗaɗɗen fili, iyakar da lissafi ya ba su kusan kilomita 10 ce, Mirya kuwa ta kai kusan 18. A cikin gari, kilomita ɗaya zuwa uku shi ne abin da aka saba samu. Tsawo ya fi wat amfani: wanda ya hau soro ko kan dutse da wat 2 zai riga mai wat 5 da ke cikin lungu isa nesa. Idan dole sai an haɗa gari da gari, sai eriya a kan dogon ƙarfe ko rifita. Ka riƙe rediyon a tsaye, eriya na kallon sama, ka danna, ka ɗan jira daƙiƙa guda kafin ka fara magana don kada kalmar farko ta yanke.

Ina jin wata ƙara kamar ta inji maimakon murya. Mene ne?

Rediyon dijital ne ke magana a wannan mitar, galibi DMR. Naka na analog ba zai fassara shi ba. Idan DMR ɗin ka saya, ban da mita sai an daidaita lambar launi daga 0 zuwa 15, da gurbin lokaci na 1 ko na 2, da lambar rukuni. Akwai kuma masu kama da oba-oba amma da gurbin SIM a bayansu. Waɗannan ta intanet ɗin waya suke tafiya, suna kuma bukatar asusu a wurin kamfanin da ya yi musu rajista. Na hannu wanda asusunsa ya mutu, ka tabbatar za a iya buɗe masa sabo kafin ka karɓa.

Batir ba ya kai yini. Laifin rediyo ne?

Kusan kullum batir ne abin da ya fara mutuwa a kayan hannu, don haka ka sa kuɗin sabo cikin lissafinka tun wurin ciniki. Alamarsa ita ce rediyo yana saurare lafiya, da ka danna magana sai ya mutu ko ya sake kunna kansa. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi nan take. Zafin bazararmu da ke haura digiri 40 yana cin batirin lithium, kada a bar shi a gaban mota ko a kan kwano, kada kuma a sa shi caji yana da zafi.

Ka duba caja da kyau. Wutarmu 220 ce, cajar da ta zo daga Amurka mai 110 kaɗai za ta ƙone da zarar an jona ta. Mazaunin cajin UV-5R volt 10 yake karɓa, kada a haɗa shi kai tsaye da batirin sola mai 12. Cajar da aka yi don batirin NiMH ba ta dace da lithium ba ko da batirin ya zauna a ciki. Lokacin hunturu a riƙa rufe ramin igiya da robarsa saboda ƙura, masu walda kuma su sani cewa maganaɗisun lasifika yana jan garin ƙarfe har murya ta dushe. Wanda zai yi aiki a gidan mai ko wajen lodin tankoki kamar na matatar SORAZ, ya nemi rediyo mai tambarin Ex, alamar kariya daga tartsatsin da zai tada gobara, tare da batirinsa na asali, domin batirin kasuwa a jikinsa yana soke wannan kariyar.